Louis Martin: ya yi wa mutanensa aiki ne, ko jam'iyya ce ta more shi?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'a. Maganar da Sagir ya yi jiya da daddare ta kwana a raina, inda ya ce duk wanda ya shiga gwamnati da sunan zai taimaki mutanensa daga ciki, ƙarshenta gwamnatin ce ke morarsa. Ina so in kawo labarin wani mutum mu auna maganar a kansa.

Sunansa Louis Martin. Ba Martin Luther King ba, wani Martin ne daban, ɗan jarida baƙar fata da ya yi wa shugabannin Amurka uku aiki: Kennedy, Johnson da Carter. Ba mai hawa dandamali ba ne, shi ya sa ko a Amurka ɗin ba kowa ya san sunansa ba. Amma jaridar Washington Post ta taɓa kiransa ubangidan siyasar baƙaƙen fata.

An haife shi a 1912 a jihar Tennessee, ya tashi a Savannah ta jihar Jojiya. Mahaifinsa likita ne mai tushe daga Kyuba. Ya gama jami'ar Mishigan a 1934. A 1936, yana ɗan shekara 23, masu jaridar Chicago Defender suka tura shi Detroit ya riƙe musu wata sabuwar jarida, Michigan Chronicle. A Detroit ta wancan lokaci kamfanin motoci na Ford ne ya fi kowa ɗaukar baƙaƙe aiki, kuma sau da yawa ta hannun fastoci ake shiga: fasto ya rubuta maka takarda, ka kai ƙofar masana'anta. Don haka manyan gari ba sa son jin zancen ƙungiyar ƙwadago, kada a ɓata wa mai ba da abinci rai. Wannan yaron kuwa ya ɗauki jaridarsa ya tsaya bayan ƙungiyar ma'aikata, har zuwa yajin aikin 1941 da ya sa Ford ya amince da ita. Tun daga nan za ka gane mutum ne mai lissafin inda ƙarfi zai koma gobe.

Sagir:
Wa alaikumus salam Malam. Ina saurare. Amma tun yanzu ga tambayata: mutum yana cikin shugabancin jam'iyya mai mulki a shekarun da ake sakar wa yaran mutanensa karnuka a Birmingham, kuma ya zauna daram a kujerarsa har 1969. Wannan kaɗai bai gaya maka komai ba?

Malam Habibu:
Za mu zo wurin, ƙanena. Bari in fara da Oktoban 1960, don a nan ne sunansa ya shiga tarihi.

Ranar 19 ga wata aka kama Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙe, a Atlanta tare da ɗalibai, sun zauna a wurin cin abinci na wani babban kanti da ba a sayar wa baƙi. Aka saki kowa ban da shi. Dalili kuwa, watanni kafin nan an tare shi yana tuƙi da lasisin jihar Alabama bayan ya komo Jojiya da zama, aka yi masa tara da ɗaurin talala. Sai wani alƙali, Oscar Mitchell, ya ce ai ya karya sharaɗi, ya yanke masa wata 4 da aiki mai tsanani, ya hana beli. Kafin gari ya waye aka tashe shi daga barci, aka sa masa ankwa, aka jefa shi bayan mota zuwa kurkukun Reidsville, tafiyar fiye da kilomita 300. A kudancin Amurka ta lokacin, baƙar fata da aka ɗauka cikin dare a mota, iyalinsa sun san abin da hakan kan zama.

Matarsa Coretta na da cikin wata shida. Zaɓe saura ƙasa da mako biyu.

Martin da wani lauya farar fata, Harris Wofford, su ne ke ofishin yaƙin neman zaɓen Kennedy da ke kula da sha'anin baƙaƙe. Sun so Kennedy ya fitar da sanarwa, manyan masu ba shi shawara suka ƙi don tsoron rasa fararen kudu. Sai su biyun suka ce to, in sanarwa ba za ta yiwu ba, ya buga wa matar waya mana ya jajanta mata. Suka kai maganar ga Sargent Shriver, mijin ƙanwar Kennedy. Shriver ya same shi a wani otal kusa da filin jirgin saman Shikago, ya yi shiru bai ce komai ba har sai da sauran hadimai suka fice daga ɗakin, don ya san in suna nan za su kashe maganar. Sannan ya faɗa masa, ya buga lambar da hannunsa, ya miƙa masa kan waya. Duka maganar ba ta wuce minti biyu ba.

Hajiya Rabi:
Allahu Akbar. Malam, ni wurin matar nan hankalina ya tsaya. Wanda bai taɓa zama da ciki a gida shi kaɗai ba, miji yana hannun hukuma ba a san halin da yake ciki ba, ba zai gane darajar minti biyun nan ba. Ko da siyasa ce ta kawo kiran, ita dai a ranar ta samu wanda ya tambaye ta lafiyarta.

Malam Habibu:
Haka ne Hajiya. Da Robert Kennedy, ƙanin ɗan takara kuma shugaban kamfen, ya ji labari, sai ya kira Wofford da Martin ya yi musu tatas, ya ce sun kashe musu zaɓe. Wofford ya ba da labari daga baya cewa Robert ya ce gwamnonin kudu uku sun gargaɗe su, in suka kuskura suka goyi bayan King za su juya jihohinsu ga Nixon, abokin takarar Kennedy. A tsakiyar faɗan nan Martin ya tsaya ya gaya masa ainihin abin da ya faru: wata 4 a kan lasisin mota, kuma ba beli. Robert lauya ne, abin ya tsaya masa a rai. Ya buga wa alƙalin waya, ranar 27 ga wata aka saki King a kan belin dala 2,000.

Amma aikin Martin na gaske shi ne abin da ya biyo baya. Ya san jaridun baƙaƙe kamar tafin hannunsa, ya san editocinsu. Suka buga wata 'yar ƙasida a shuɗiyar takarda, wadda aka riƙa kira shuɗin bam, tana kwatanta Nixon da ya yi gum da Kennedy da ya nuna tausayi. Ba su sa sunan kamfen a jiki ba, da sunan wani kwamitin fastoci ta fita. Kwafi wajen miliyan 2, aka raba a ƙofar majami'un baƙaƙe, musamman ranar Lahadin ƙarshe kafin zaɓe. Wato saƙon ya isa kunnen waɗanda aka nufa, fararen kudu kuwa ba su farga ba sai da aka gama.

Usman Damagaram:
In ƙara a kan na Malam. Mahaifin King, shi ma babban fasto ne, da farko Nixon yake goyon baya saboda Kennedy ɗan Katolika ne. Bayan kiran nan ya fito fili ya ce yana da akwati cike da ƙuri'u, zai kai ya juye wa Kennedy. Shi kuma Nixon, Jackie Robinson, shahararren ɗan wasa baƙar fata da ke tare da shi, ya roƙe shi ya ce wani abu, ya ƙi. Zaɓen 8 ga Nuwamba an jefa ƙuri'a kusan miliyan 69, tazarar ba ta kai 120,000 ba. A Illinois ba ta kai 9,000 ba. Kennedy ya samu kusan kashi 70 cikin 100 na ƙuri'un baƙaƙe.

Sagir:
To ai kun faɗi maganata da bakinku. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. King ne ya kwana a Reidsville, Kennedy ya samu kujera, Martin ya samu muƙamin mataimakin shugaban jam'iyyar Dimokurat. King da kansa bai ce a zaɓi Kennedy ba, amma aka ɗauki ɗaurinsa aka mayar da shi takardar neman ƙuri'a.

Kuma an gano daga baya cewa Kennedy ya riga ya yi magana a asirce da gwamnan Jojiya, Ernest Vandiver, a nan aka shirya sakin. Kiran da Robert ya yi wa alƙali rufa-rufa ce don kada a ga hannun gwamna.

Sai me ya biyo baya? Kennedy ya ce a kamfen wariyar da ake yi a gidajen da gwamnati ke tallafawa, shugaba zai iya kashe ta da sa hannu guda. Ya hau mulki Janairun 1961, bai sa hannun ba sai Nuwamban 1962. Har mutane suka riƙa aika masa da alƙaluma ta gidan waya, ko dai nasa ne ba tawada. Ya naɗa Harold Cox alƙalin tarayya a Mississippi, mutumin da ya kwatanta baƙaƙe masu neman rajistar zaɓe da birai a cikin kotu. Duk wannan ana yi Martin na nan, aikinsa ya riƙa kwantar wa mutane hankali da romon baka.

Maryam:
Yaya Sagir, kafin Malam ya amsa, akwai abin da na ga ba a ambata ba kuma ya shafe mu. Kafin ya shiga kamfen ɗin Kennedy, Martin a Legas yake. Ya yi kusan shekara guda, 1959 zuwa 1960, yana ba kamfanin jaridu na Amalgamated Press shawara kan aikin jarida. Kamfanin kuwa na ɓangaren Action Group ne, jam'iyyar Awolowo.

Baba Ɗanjuma:
Ikon Allah. 'Yata kin tuna min da nisa. Zaɓen Disamban 1959 ina yaro ɗan firamare. Ranar da jirgi mai saukar ungulu na 'yan Action Group ya sauka a filin bayan gari, duk muka watse daga aji muka bi shi da gudu, ƙura ta rufe ko'ina, takardu na tashi sama muna tsinta. Dattawan garinmu ransu ya ɓaci ƙwarai, suna ganin raini ne a zo musu ta sama. Ashe a daidai lokacin akwai wani Ba'amurke a Legas cikin masu gyara musu jarida. To ni abin da na ɗauka a nan, mutumin ya ga baƙar fata na shirin karɓar ƙasa sukutum, da ministocinsu da alƙalansu, sannan ya koma gida inda ba za a sayar masa da shayi a wasu wurare ba. Dole wannan ya yi aiki a zuciyarsa.

Abakar daga Injamena:
Baba, zancen shayin nan da ka yi ya taɓa mu kai tsaye. A 1961 jakadan Cadi a Amurka, Adam Malick Sow, yana kan hanya daga New York zuwa Washinton don miƙa wa Kennedy takardunsa, ya tsaya a wani gidan abinci a jihar Maryland, aka ƙi sayar masa saboda launin fatarsa. Ba shi kaɗai ba, jakadun Afirka da dama sun gamu da haka a hanyar nan. Sai dokar 1964 ta haramta wannan wariya a gidajen abinci da otal a duk ƙasar.

Malam Habibu:
Na gode Abakar. Sagir, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Kennedy ya yi jan ƙafa, naɗin Cox kuwa abin kunya ne. Inda muka rabu da kai shi ne cewar da ka yi aikin Martin romon baka ne.

Aikinsa sunaye ne. A da in aka ce wa shugaba ya naɗa baƙar fata a babban muƙami, amsar a shirye take: ai mun nema, ba mu samu wanda ya cancanta ba. Martin ya toshe wannan ƙofa. Shekara ashirin da wani abu yana jarida, ya san lauyoyi, malaman jami'a, masana tattalin arziki a kowace jiha. Da kujera ta faɗi, kafin a ce babu, ya ajiye suna a tebur, da takardun mutumin, da lissafin ƙuri'un da naɗin zai jawo. Ba roƙo yake ba, bashi yake karɓa: mun ba ku ƙuri'a, ga abin da za ku biya.

Dubi abin da ya fito a shekarun da yake wurin. Patricia Roberts Harris ta zama jakadiya a Luxembourg a 1965, baƙar mace ta farko da ta riƙe jakadancin Amurka. Robert Weaver ya zama ministan gidaje a 1966, baƙar fata na farko a majalisar ministoci. Andrew Brimmer ya shiga hukumar gwamnonin babban bankin ƙasa a 1966. Constance Baker Motley ta zama alƙaliyar tarayya a shekarar. Sai babban, Thurgood Marshall, wanda Johnson ya miƙa sunansa zuwa kotun ƙoli ranar 13 ga Yunin 1967, kuma Martin na cikin waɗanda suka fi matsa wa Johnson a kansa. Marshall ya zauna a kotun nan shekara 24. Zanga-zanga takan yi kwana ko wata, alƙali kuwa yana nan yana yanke hukunci bayan masu zanga-zangar sun tsufa.

Sagir:
Malam, Allah ya gafarta maka, Marshall ba Martin ne ya yi shi ba. Mutumin da ya ci shari'ar hana wariya a makarantu ta 1954 a gaban kotun ƙoli ba ya buƙatar wani ya gabatar da shi. Kuma naɗa mutum biyar ko ɗari biyar bai taɓa canza rayuwar mai tsintar auduga a Mississippi ba. Abin da ya canza ta dokar zaɓe ce ta 1965, ita kuwa jinin masu zanga-zangar neman 'yancin zaɓe da aka zubar a gadar Selma ne ya kawo ta. Kafin dokar, baƙaƙen Mississippi masu rajista ba su kai kashi 7 cikin 100 ba, zuwa 1967 sun kusa 60.

Ga wani misali. Fabrairun 1963, shekara 100 da shelar 'yanta bayi. King ya nemi Kennedy ya fitar da shela ta biyu da za ta haramta wariya. Me aka ba su? Liyafa. Martin ne ya shirya ta ranar haihuwar Lincoln, shugaban da ya yi shelar, aka tara ɗaruruwan manyan baƙaƙe a fadar White House, aka ci aka sha. King bai je ba, A. Philip Randolph, jagoran ƙwadagon baƙaƙe, bai je ba. Sun gane ungulu ce da kan zabo.

Sai 1964 a Atlantic City. Fannie Lou Hamer da mutanenta sun zo babban taron jam'iyya daga Mississippi suna neman a ba su kujerun wakilcin jihar, matar da aka lakaɗa wa duka a kurkuku saboda rajistar zaɓe. Tana ba da shaida a talabijin Johnson ya kira taron manema labarai na gaggawa don a ɗauke kyamara daga kanta. Aka ce za a ba su kujera biyu kacal, suka ƙi. Wace jam'iyya ce ta yi wannan? Wadda Martin ke mataimakin shugabanta.

Maryam:
A kan liyafar nan akwai wani abu, Yaya. Mawaƙin nan baƙar fata Sammy Davis ya auri farar fata 'yar Suwidin, a lokacin da jihohi da yawa suka haramta irin auren. Masu tarihi sun ruwaito cewa an sha cire sunansa daga jerin baƙi, Martin yana mayarwa. Da Kennedy ya hango shi da matarsa sai hankalinsa ya tashi, ya sa a raba su da masu ɗaukar hoto. Ni wannan ya nuna min ba ɗan amshin shata ba ne. Ya san abin da maigidansa ba ya so, ya yi.

Sagir:
Ya yi, amma hoton bai fita ba. Nan ƙarfinsa ya tsaya.

Hajiya Rabi:
Sagir ɗana, bari in gaya maka abin da na gani da idona. Marigayi mahaifina ya yi sakataren jam'iyya a gundumarmu shekaru da yawa. Yana da wani littafi mai baƙin bango da yake ɗaure shi da roba, a ƙarƙashin matashinsa yake kwana. Duk yaron da ya gama sakandare ko kwaleji a ƙauyukanmu, sunansa na ciki, da na ubansa, da abin da ya karanta. In ya ji za a ɗauki ma'aikata, da asuba zai saka littafin a aljihun babbar riga ya hau mota. Wani lokaci ya yini a benci a ƙofar ofis ba a kira shi ba. Matasa suna ce masa ɗan koren manya, har a gabanmu. Ya rasu ba shi da ko fili. Ranar jana'izarsa wasu mutane suka zo da ba mu san su ba, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, kowa na cewa shi ya kai sunana.

Ban ce manyan da ya yi wa aiki mutanen kirki ba ne. Wasunsu sun ci moriyar ganga sun ya da kwaurenta. Amma ba zan yarda a ce abin da ya yi ba aiki ba ne. Da Malam ya ce aikin Martin sunaye ne, littafin nan na gani a gabana.

Sagir:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa aljanna makoma. Hajiya ki yi haƙuri in maganata ta sosa miki rai, ba nufina ke nan ba.

Hajiya Rabi:
Amin, na gode. Ba komai ɗana, ci gaba da maganarka.

Malam Habibu:
Amin. Sagir, a kan Selma ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Ba don waɗanda aka fasa wa kai ba, da Martin ya yi ta kai sunaye ana ajiyewa a durowa. Tsoron titi ne ya sa aka fara buɗe takardunsa. Amma ka duba abin da ya yi da dokar 1965 bayan ta samu. Mutane sun fara cin zaɓe, wanda jiya ko rajista ba a bari ya yi, yau shi ne magajin gari ko ɗan majalisar gunduma, bai taɓa ganin kasafin kuɗi ba, fararen ma'aikata kuma na jira ya faɗi su ce ai dama mun faɗa. A 1970, bayan ya bar muƙaminsa a jam'iyya, Martin na cikin waɗanda suka kafa wata cibiya a Washinton, Joint Center, ya shugabanci hukumarta. Aikinta horar da zaɓaɓɓun baƙaƙe da ƙidaya su. Ƙidayar 1970 ta samu mutum 1,469 a duk ƙasar. Zuwa 2000 sun haura 9,000. Wannan ba shugaban ƙasa ne ya aike shi ba.

Clifford Alexander, wanda ya taso a hannunsa, ya zama sakataren rundunar sojan ƙasa a 1977. Carter kuma da dangantakarsa da shugabannin baƙaƙe ta yi tsami, wa ya kira a 1978? Martin, yana da shekara 65. Ya zauna har 1981, ya koma jami'ar Howard, ya rasu a Janairun 1997 a Kalifoniya yana da 84.

Usman Damagaram:
Amma Malam, kiran da Carter ya yi masa hujja ce ga Sagir ma. Sai da aka yi fushi da shugaba sannan aka tuna da shi.

Malam Habibu:
Na yarda da wannan, Usman. Don a sasanta aka kira shi. Ni dai abin da na riƙe, duk lokacin da aka kira shi ba ya shiga hannu rabbana.

Sagir:
Na janye kalmar romon baka, Malam, ta yi nauyi. Zancen cibiyar 1970 ya shige ni. Amma Atlantic City na nan a raina, kuma ban ji an amsa min ita ba. Matar nan ta tsaya gaban kwamiti ta faɗi yadda aka sa fursunoni biyu suka yi ta dukanta da kulki har ƙodarta ta taɓu, jam'iyyar ta ce mata ga kujera biyu. In an ba ni dama, ranar Juma'a bayan sallah zan kawo labarinta tun daga gonar auduga a Ruleville.

Malam Habibu:
Kawo shi, ƙanena. Ka haɗa da abin da ya faru a taron 1968, lokacin da ta dawo aka ba ta kujerar wakilci.

Baba Ɗanjuma:
Ku sa shi bayan la'asar don Allah, kafin nan ina gona.